Abin da Aka Rufe a Fiffiken Dama

Germantown, Maryland
Maris, 2007

Zuwa ga Gwaggo Tabawa,

Assalamu alaikum. Na durƙusa har ƙasa ina gaishe ki, da fatan ciwon gwiwar nan ya saki. Ki gaida mini Iya, ki ce surukarta tana neman albarka. Mu nan lafiya lau, sai Kausar da ta yi mura ta warke.

Da kunnuwanki suna nan da na buga miki waya na zazzage miki cikina. To sanƙarau ya tafi da su, dole in zauna in rubuta kamar ina ajinki na firamare. Ke ce 'yar baffan mahaifina, ke kika haɗa auren nan, kuma katanga ɗaya ce tsakaninki da Iya a Gumel. Saboda haka ke za ki sha ƙorafi.

Kin tambaya ko bana za mu zo gida. Ba za mu zo ba. Abban Kausar ya ce sai jirgi ya tashi. E, jirgi na ce, na sama, kada ki ce alƙalamina ne ya zame. A ƙasar nan ana sayar da ƙaramin jirgi a wargaje, a kawo maka shi cikin akwatunan katako, ka haɗa abinka a gida. Shi ne ɗan naku ya saya, mai kujera biyu. Yau shekara ta uku ke nan motata tana kwana a waje cikin ƙanƙara, jirgi yana kwana a gareji. Daga ofis sai gareji, daga gareji sai sallah, daga sallah sai gareji. Ranar Asabar abokinsa Katung, wani mutumin Kudancin Kaduna da ke zaune a Hyattsville, yakan zo ya riƙe masa ƙarfe ta ciki, shi kuma yana matse ƙananan ƙusoshi da bindigar iska. Ƙarar kaɗai ta isa ta sa mutum ya yi miki murnar kurumta.

Ki yi tunani kuma, Musulmi baƙar fata yana ƙera jirgi a unguwar da ba ta da nisa da fadar shugaban ƙasa, bayan harin jiragen sama da aka kai ƙasar nan a shekarun baya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Edna, ta kira mana 'yan sanda. Suka zo suka duba takardu, ƙarshe ɗayansu ya shiga kujerar aka ɗauke shi hoto. Yanzu Ednan ce ke kawo masa biskit.

Ni dai tsoro nake ji, Gwaggo. Gwangwani ne fa, da hannu ɗaya nake ɗaga fatar fiffiken. In na yi magana sai ya yi dariya ya ce lissafi ba ya ƙarya.

Kausar ta girma, tana jin Hausa sarai amma ba ta mayarwa. In na kira ta sai ta ce “What?” Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ƙi koyon cewa na'am. Ga jakar kayanta da suka yi mata kaɗan na ba mai kawo wannan takarda, ki raba wa yaran gida. Akwai wata riga ruwan ɗorawa da ta fi so, da ƙyar na ƙwace ta.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Rabi

Gumel
Mayu, 2007

Rabi 'yata,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki da jakar kaya, Allah ya yi albarka. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, mun saba da juna. Zafi ake yi kamar za a gasa mutum, hadari yana haɗuwa yana watsewa.

Na yi dariya har da hawaye da labarin jirginku. Shi Muntaka tun yana ƙarami haka yake, ya taɓa warware rediyon ubansa ya rasa yadda zai mayar. Amma Iya ba ta yi dariya ba da na karanta mata. Sai ta matso gabana yadda zan ga leɓenta ta ce, “Yana da abin tashi sama, amma ba shi da abin zuwa ya gan ni?” Rabonta da shi tun kafin a haifi Kausar, kin sani. Idonta ya fara yin hazo, kullum cewa take so take ta gan shi kafin hasken ya ƙare.

Kin san ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce “wancan” ko “mutumin Amurka”. Kunyar nan ce ta hana ta roƙe shi ko a waya. In ya kira sai ta ce lafiya lau, a gaida yara, ta miƙa wa wani.

Ga abin da ya sa na yi saurin rubuto miki. Bayan kwana biyu Iya ta yafa mayafi ta fita ita kaɗai, ta dawo da wannan laya da kike gani a ƙulle cikin ƙyalle. Ta ce a saka a jikin jirgin, a wurin da ya fi ko'ina tsarki, kuma kada shi ya sani. Na san halinsa, tun da ya yi karatu yake cewa laya shirka ce, ya taɓa tsinke ta wuyan ƙanwarsa. Ni ma ba ma'abociyar irin wannan ba ce. Amma tsohuwa ta nema wa ɗanta tsari, wa zai ce mata a'a? Ke kuma kin ce tsoro kike ji. Ki saka, kowa ya huta.

Kayan Kausar sun rabu, yara suna ta tsalle. Rigar ruwan ɗorawa Iya ta ɗauke, ta ce tana ƙanshin jikarta.

Ki gaida mai jirgi, ki ce in ya tashi ya ɗaga mana hannu.

Gwaggonki,
Tabawa

Germantown
Yuli, 2007

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata damina ta sauka lafiya, kowa ƙalau. Mu ma lafiya, nan ma zafi muke sha mai gumi.

Na cika umarni. Na daɗe ina neman wurin da ya fi tsarki a gwangwanin nan, sai shi da kansa ya nuna mini ba tare da ya sani ba. Akwai wani ɗan akwati kamar na ashana, shi ke gaya wa jirgi inda ya fuskanta, gabas ko yamma. Can cikin fiffiken dama ya ɗaura shi, nesa da inji. Ya ce abin ba ya son ƙarfe kusa da shi ko kaɗan. In zai taɓa wurin sai ya cire agogo, ya ajiye makullai, ya kwance bel, har ƙusoshin wurin na tagulla ne. Na ga yana yi kamar mai shirin shiga masallaci, na ce a raina ai ga wurin. Laya fata ce da takarda, ba ruwanta da ƙarfe. Da ya tafi ofis na zura hannu na ɗaure ta da zare a bayan wani haƙarƙarin fiffiken, inda ido ba ya kai. Asabar ɗin da ta biyo suka rufe fatar shi da Katung, ƙusa bayan ƙusa, ba abin da ya rage sai wata 'yar kafa da hannu kaɗai ke shiga.

Yanzu aikin waya yake yi. Ki ga wayoyi, Gwaggo, farare sol dukkansu, kamar taliya. Kowace ya liƙa mata suna a kai da gindi: ta rediyo, ta fitila, ta famfon mai. Kwanciya yake rigingine a ƙarƙashin allon gaba, ƙafafu a sama, gidan duk warin dalma. Ya haɗa gilashin da ke nuna tsawo da gudu da alƙiblar tafiya, ya kawo wuta, komai ya kama. Ranar har rawa ya yi da Kausar.

Sai dai abu biyu sun hana ni sakewa.

Na farko, kibiyar da ke nuna hanya ta ƙi zama. Wani lokaci daidai take, wani lokaci sai ta riƙa zamewa a hankali. Ya tura jirgin waje ya juya shi kowace fuska, ya ce in mutum ya bi abin da take nunawa, ko ina ya nufa gabas zai ƙare. Ya canja waya, ya canja akwatin ta 'yar kafar nan, abin bai bari ba.

Na biyu ya fi damuna. Wata Asabar da hantsi na kai masa shayi, na tarar ya sa abin kunne na magana da rediyo, ya yi shiru, fuskarsa ta canja. Na taɓa shi ya zabura. Ya cire ya sa mini. Na ji wani shuu mai zurfi, irin wanda za ki ji in kin kara kunne a bakin tulu, can ƙasansa kuma kamar ana daka. Ya ce wata tashar rediyo ce ke kutsowa, wayar ƙasa ce ba ta ɗauru ba. Ya ɗaure ta a gabana. Washegari da hantsi na sake ganinsa zaune haka.

Gwaggo, me ke cikin layar nan? Na tuna ta ɗan yi mini nauyi a hannu, amma ban kawo komai a raina ba.

Ya ce ba zai tashi da shi ba sai bayan Sallah, in mai dubawa na hukuma ya sa hannu. Ki amsa mini da wuri.

Rabi

Gumel
Agusta, 2007

Rabi,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ruwa ya sauka sosai, gero ya yi kai, katangar bayan gidana ta zube amma ba wanda ya ji ciwo.

Ke dai kin cika tsoro tun kina yarinya, ko ƙadangare ya faɗo sai kin yi ihu. Me zai kasance cikin laya in ba ayoyi ba? Mutumin da ya cusa wayoyi kamar taliya a gwangwani ai dole wata ta yi masa gardama. Shuu kuma, ni da ba ni da kunne ma kullum ina jin sa.

Na rubuta wannan jiya. Yau na sake karanta takardarki, sai wata kalma ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake ƙarawa.

Kin ce tulu. Tun da layar nan ta bar gidan, Iya ta ɗauki wata ɗabi'a. Kullum in ta idar da la'asar sai ta jawo wani tsohon tulu da ba ruwa a ciki, ta kai shi bakin ƙofar ɗakin da Muntaka ya yi samartaka, ta durƙusa ta fuskanci yamma, ta sa bakinta a bakin tulun. Na zaci addu'a take yi. Ɗazu na je na zauna kusa da ita na dafa cikin tulun, na ji yana rawa a tafin hannuna. Da ta ɗago na kalli leɓenta, kin san da ido nake ji yanzu. Rabi, sunansa take kira. Muntaka, Muntaka, gatsal, matar da ba ta taɓa furta shi ba tun ranar suna. Na ce, “Iya, lafiya?” Ta dube ni da idon nan mai hazo ta yi murmushi, ta ci gaba.

Jikana ya taɓa gaya mini in muna la'asar ku kuna hantsi. Ban so na tuna da wannan ba.

Kada ki ɗaga hankalinki tukuna. Zan bi sawu in gano wurin wanda ta karɓo layar. Tunda kin ce sai bayan Sallah, kuma na san aikin hukuma ba ya sauri, muna da lokaci har a yanka raguna.

Tabawa

Germantown
Cikin azumi, 2007

Gwaggo,

Barka da shan ruwa. Ina gaisuwa, amma ki yi haƙuri yau ba zan tsawaita ta ba. Lafiyar jiki muna da ita.

Ba Babbar Sallah nake nufi ba, Gwaggo! Ƙaramar Sallah, wannan da ke gabanmu. Mai dubawa ya riga ya zo. Ranar kibiyar ta nutsu kamar ba ita ba, ya duba komai ya yaba, ya sa hannu ya tafi. Yana fita ta koma halinta.

Da na karanta zancen tulu ban iya cin abincin buɗa-baki ba. Washegari da ya fita na zura hannu ta 'yar kafar nan har kafaɗa, gefen alminiyon ya yanke ni. Zaren kawai na taɓo, a tsinke. Layar ta zame ta yi ciki.

Sai na yanke shawarar in gaya masa, ko zai sake ni ya sake ni. Na same shi da hantsi a cikin jirgin, abin kunne a kansa. Gwaggo, igiyar abin tana reto a gefen kujera, ba a jona ta da komai ba. Batirin ma yana kan tebur yana caji. Na tsaya a gabansa na faɗa masa duka, yadda kika aiko, inda na ɗaure, har zancen tulu. Na ce ya kira Katung su farke fiffiken. Ina jira ya yi tsawa, mutumin da ya tsinke layar ƙanwarsa. Sai ya ɗaga abin kunnen gefe ɗaya, ya dube ni a sanyaye ya ce, “Ki bar ta, Rabi. Ta Iya ce.” Ya mayar da abinsa.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya canja, Gwaggo. Ba ya faɗa, ba ya dariya. Yana cin abinci sai ya fara ba Kausar labarin kukar da ke bayan makarantarku, da rijiyar unguwa, da sunayen mutanen da suka mutu tun tuni. Na ce to mu sayi tikiti mu tafi gida gobe, na ajiye aikina na kantin magani in ya so. Ya ce, “Ai ina hanya.”

Na kira Katung na roƙe shi. Ya yi masa magana, shi kuma ya nuna masa takardar mai dubawa, ya ce kibiyar ta gyaru. Katung ya ce mini kada in damu, akwai wata na'urar hannu mai nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, da ita zai tashi.

Jiya aka cire fikafikan aka loda komai a babbar mota. Ba a yarda a gwada sabon jirgi kusa da Washington ba, saboda haka sun kai shi wani ƙaramin fili can hayin ruwa. Na duba taswira. Daga filin nan in ka yi gabas, 'yan gonaki ne kaɗan, sai teku.

Don Allah ki hana Iya kiran nan.

Rabi

Gumel
Goman tsakiya na azumi, 2007

Rabi,

Sallama. Muna lafiya, azumi yana tafiya. Ban ga amsar takardata ta wancan watan ba, ina fata lafiya.

Na gano mutumin. Ba malami ba ne, wani tsoho ne a wani ƙauye kan hanyar Maigatari, mata ke zuwa wurinsa in miji ko ɗa ya ɓace a bariki. Na hau mota na je da gwiwar nan tawa. Bai ɓoye mini ba, har alfahari yake. Ba tsari Iya ta nema ba. Kiranye ne. Ya ce ta kai masa tsohuwar hular Muntaka, ya yanki ƙyallenta ya naɗe da ƙasar ƙofar ɗakinsa, ya sa gutsuren mayen ƙarfe a tsakiya, wai don ya jawo shi. Na ce masa ya warware. Ya sa aka rubuta mini cewa wanda aka kira ba ya tsayawa sai ya iso, ko da ƙafa, ko da me.

Ni malamar makaranta ce, Rabi, ban yarda ƙasa da ƙyalle suna jan mutum ba. Amma na koyar da yara abin da mayen ƙarfe ke yi wa allurar kamfas, kuma ke kika ce mini akwatin nan ba ya son ƙarfe. Ko ta wace hanya aka duba, abin nan ba alheri ba ne. Ki gaya masa, a farke fiffiken a cire.

Na so in sa a buga miki waya, sai na ga duk wanda na sa ya faɗi wannan magana, gobe garin nan ya ɗauka cewa Iya tana bin bokaye. Ba zan tona mata asiri da tsufanta ba. Alhaji Nasir na gidan Wakili zai taho wajenku bayan ya yi umara, shi zan ba wannan takarda. Tunda sai Babbar Sallah, za ta riske ku da sauran lokaci.

Na ɓoye tulun a ɗakina. Da la'asar na same ta durƙushe a gabansa, ban san yadda aka yi ta gano ba.

Tabawa

Germantown
Nuwamba, 2007

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na san labari ya riga ya iso muku ta waya. Ni da Kausar muna nan, muna numfashi. Alhaji Nasir ya kawo takardarki shekaranjiya, ya yi mini gaisuwa, bai san abin da ya ɗauko ba. Tawa ta cikin azumi kuma ina jin ta saɓa da taki a hanya.

Kin cancanci ki ji yadda aka yi daga bakina.

Asabar ta biyu bayan Sallah muka je filin, ni da Kausar da Katung. Gari ya waye garau. Ya zagaya jirgin yana taɓa kowace ƙusa, ya yi alwala, ya sumbaci Kausar a ka. Da ya zo fiffiken dama sai ya ɗora tafin hannunsa a kai ya daɗe. Na riƙe masa riga na ce ya fasa. Ya ce kewaya fili kawai zai yi ya sauko, in ɗora ruwan shayi.

Ya tashi lafiya, Gwaggo. Wallahi abin ya yi kyau, har na ji kaina ina tafi. Ya kewaya sau ɗaya. Hantsi ya yi, wani farin hazo ya taso daga wajen teku. A kewaye na biyu sai muka ga bai juyo ba, ya miƙe. Katung yana ta kiransa da rediyon hannu. Da ya ruga motarsu ɗauko wani abu, sai ga na'urar tauraron ɗan'adam a kan kujera, a cikin jakarta. Abban Kausar ya bar ta, mutumin da ko makullin gida bai taɓa mantawa ba.

Sun yi ta nema da jiragen sama da na ruwa. Ba su samu ko ƙyalle ba.

Makon jiya masu bincike suka kira ni ofishinsu. Ashe ya yi magana da masu kula da sararin sama, kuma suna naɗar komai. Suka kunna mini. Wata mata tana ce masa da Turanci ya juya, ai ya riga ya bar tudu a bayansa, teku ya nufa. Shi kuma yana amsa mata a natse cewa allonsa yana nuna masa tudu ya nufa. Ta sake faɗa, ya sake faɗa. Sai shuu ɗin nan ya shigo, na gane shi nan take. Can sai muryarsa, ba irin wadda yake yi wa Turawa ba, irin ta yaro da aka kira daga tsakar gida. Suka tsayar, suka ce kalmomin ƙarshen nan ba su gane ba, ko wani yare ne, in fassara musu.

Cewa ya yi, “Na'am, Iya.”

Na ce musu amsa kira ne. Suka tambaya wa ya kira shi, babu wata murya a kan layin.

An yi masa sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Liman ya ce in jira tukuna kafin in fara takaba. Ga ni nan, ban san ko matar wani ce ni ba. Ba na jin haushinki, Gwaggo. Hannuna ne ya ɗaura. Na so in ji haushin Iya, sai in tuna ganin ɗanta kawai take so.

Rabi

Gumel
Disamba, 2007

Rabi 'yata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Takardunki biyu sun zo mini rana ɗaya, na karanta na rufe ɗaki. Da ma na sa an buga wayar nan, ko da duk Gumel za ta ji. Da wannan zan kwana har ƙarshen raina.

Ban so in ƙara miki nauyi ba, amma ɓoyewa ce ta kai mu nan.

Ranar da abin ya faru, tun kafin waya ta zo, Iya ta ɗago daga tulun da la'asar fuskarta fal murna. Ta share ɗakinsa, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura ta kai ta rufe ƙofa. Da mutane suka cika gidan gaisuwa ta riƙa tambaya me ya faru. Aka gaya mata. Ta ce, “Wace irin rasuwa? Yana ciki yana hutawa, ya sha hanya.” Kullum sai ta kai abinci. Ni ban shiga ɗakin ba, kuma ba zan shiga ba.

Ta bar tulun kwana da kwanaki, na ce an gama. Shekaranjiya ta ce mini wai ya ce yana kewar 'yarsa. Jiya na ga ta yafa mayafi ta fita ita kaɗai. Na shiga ɗakinta na duba inda take ajiye rigar nan ruwan ɗorawa. An yanke hannun rigar ɗaya.

Yau da la'asar ta jawo tulun.

Tabawa

Germantown
Janairu, 2008

Gwaggo,

Sallama. Na ba da wannan a aiko ta hanyar gaggawa, na kuma buga wa jikanki waya na ce ya tsaya a kanki har ki karanta. Kowa ya ji, ban damu ba.

Takardarki ta same ni jiya. Ba ta ba ni mamaki ba, domin abin ya riga ta zuwa.

Ranar Lahadi da hantsi ina wanke-wanke, Kausar tana tebur tana aikin makaranta. Gidan shiru. Sai na ga ta ajiye fensir, ta juya kai wajen tagar gabas kamar mai sauraro. Yarinyar da na yi shekaru ina fama da ita, wadda ba ta taɓa amsa mini da Hausa ba ko sau ɗaya. Ta buɗe baki a hankali ta ce, “Na'am.”

Na ce wa ya kira ki? Ta ce ba kowa. Ta tashi ta fara neman takalmanta.

Na kulle ƙofofi, makullan suna ɗaure a ƙuguna. Na hana ta makaranta. Ba wata laya da ta shigo gidan nan, na zazzage ko'ina, babu mayen ƙarfe, babu allura, babu abin da zan ce shi ne.

Gwaggo, kada ki ɓoye tulun. Ki fasa shi. In ta nemi wani, ki fasa duk tulunan gidan. Ki durƙusa ki gaya wa Iya ta samu nata, ta bar mini tawa.

Rabi